Faifai da Zane a Ma'aunin Nazari: Waƙoƙin Kaset da Labaran Hoto a Birnin Maiduguri

1.0 Gabatarwa

Nazarin waƙar baka ta Hausa ya yi nisa ƙwarai tun daga 1957, lokacin da M. G. Smith ya fitar da maƙalarsa kan roƙo da maroƙa. Bayansa an sami littafin kalmomin kiɗa na Ames da King (1971), da kundin digiri na uku na Ɗandatti Abdulƙadir kan Mamman Shata (1975), da littattafan Sa'idu Muhammad Gusau waɗanda suka shimfiɗa hanyar feɗe waƙa a jami'o'in ƙasar nan. Sai dai akwai abu guda wanda akasarin kundayen ɗalibai suka dogara a kansa, amma ba a cika tsayawa a dube shi ba, wato faifan da aka ɗauko waƙar daga cikinsa. Abin da aka saba shi ne ɗalibi ya nemi kaset, ya saurara, ya juye kalmomin a takarda, ya jera su ɗa bayan ɗa, sa'an nan ya ture kaset ɗin gefe. Daga nan takarda ta zama ita ce waƙar.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa faifai matani ne mai cin gashin kansa, yana ɗauke da shaidar harshe wadda takarda ba ta iya ɗauka. Za a kuma nuna cewa dalilin da ya sa aka yi sakaci da faifai shi ne ya sa aka yi sakaci da labaran zane da katun, domin dukkansu adabi ne wanda kalma take tafiya tare da abokin tafiya, ko kiɗa ko hoto. An zaɓi Maiduguri domin gwada wannan ra'ayi saboda matsayin da Hausa take da shi a birnin.

2.0 Hausa a Maiduguri

An kafa Maiduguri, ko Yerwa, a 1907 a matsayin sabuwar fadar Shehun Barno, kuma asalinta gari ne na Barebari. Tare da su akwai Larabawan Shuwa da Fulani da Babur-Bura da Margi da sauran al'ummun yankin, ga kuma Hausawa 'yan kasuwa waɗanda unguwar Hausari take ɗauke da sunansu. Isowar jirgin ƙasa a 1964, da zaman garin hedikwatar Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, da kafa Jami'ar Maiduguri a 1975, duk sun jawo baƙi daga nesa, kuma Hausa ta zama harshen da ake haɗuwa a kansa a kasuwa da tasha da layin asibiti. C. M. B. Brann, wanda ya daɗe yana koyarwa a jami'ar, ya yi rubuce-rubuce kan yadda harsuna suke rabon aiki a birnin, haka kuma Michael Bross ya yi nazarin Hausar garin.

Dangantakar harsunan biyu tsohuwa ce. Tun a 1960 Greenberg ya nuna cewa kalmomi irin su kasuwa da karatu da rubutu sun shigo Hausa ta hanyar Kanuri, ga kuma sunayen sarautu kamar Galadima da Ciroma da Yarima. A Maiduguri ta yau aron ya zama na kai-da-komo, domin Hausar da ake yi a titi tana ɗauke da tambarin harsunan masu yin ta. Kanuri ba shi da jinsin nahawu, ba shi kuma da baƙaƙe masu ƙugiya. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ji "mota ya zo" a maimakon "mota ta zo", ko a ji ƙ ta koma k, ts ta koma s. Muhimmin abin lura shi ne, mafi yawan masu sauraron waƙar Hausa a wannan birni Hausa harshe na biyu ce gare su. Ke nan faifai a nan yana aiki biyu: yana nishaɗantarwa, yana kuma kawo wa kunne Hausar Katsina da Sakkwato da Kano.

3.0 Daga Garmaho zuwa Memori

Ɗaukar muryar Hausa a faifan sayarwa ba sabon abu ba ne. Tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙin mutanen Afirka ta Yamma a Landan cikin harsuna da dama, har da Hausa. Amma faifan garmaho mai juyi 78 a minti ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti uku a kowane gefe. Wannan ƙaramin fili ne ga makaɗin da ya saba kwana yana waƙa a gidan biki, yana ƙara ɗiya duk lokacin da wani mai kyauta ya shigo. Dogon faifai mai juyi 33, wanda aka ƙirƙiro a 1948, ya faɗaɗa filin zuwa kimanin minti 20 a gefe guda, kuma a irinsa ne kamfanoni kamar EMI suka fitar da waƙoƙin Shata da wasu makaɗan Arewa.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ne ya sauya al'amarin baki ɗaya da ya yawaita a Nijeriya cikin shekarun 1970. Yana ɗaukar minti 60 ko 90, rikoda tana aiki da batir, kuma duk mai rikoda biyu yana iya juye waƙa ba tare da izinin kowa ba. Da haka sana'ar waƙa ta kuɓuce daga hannun manyan kamfanoni ta faɗa hannun 'yan kasuwa. Brian Larkin ya bayyana yadda kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar juye kaset da rarraba shi zuwa garuruwan Arewa da maƙwabta. Maiduguri, da yake tana kan hanyar Chadi da Kamaru da gabashin Nijar, ta kasance zango a wannan fatauci. A teburin mai sayar da kaset a birnin, kalangun Shata da kuntigin Ɗan Maraya Jos da gurmin Haruna Uji da ƙwaryar Barmani Coge sun zauna kafaɗa da kafaɗa da ganga kura da algaitar Barebari, da waƙoƙin Sudan, da na finafinan Indiya, da kaset ɗin wa'azi.

Zango na uku ya zo da finafinan bidiyo. Bayan Turmin Danya (1990), musamman bayan Sangaya (1999), kiɗan fiyano da ake haɗawa a situdiyo ya haifar da salon da ake kira nanaye. Shi kuma ya bi faifan sidi, daga baya ya koma memorin waya, inda masu shagon turi suke cika wa mutum waƙoƙi a kan kuɗi kaɗan. Wannan hanya ba ta bukatar sabis, don haka ko lokacin da aka katse layukan waya a Jihar Barno a 2013, bayan kafa dokar ta-ɓaci, waƙa tana iya ratsawa daga waya zuwa waya.

Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne kowace na'ura tana sassaƙa waƙar da aka zuba mata. Tsawon waƙa, da yawan ɗiyanta, da maimaita gindinta, da ma wanda aka ambata a ciki, suna iya zama hukuncin faifai maimakon hukuncin makaɗi. Manazarcin da ya ƙirga ɗiyan wata waƙa ta Shata ya ce wannan shi ne zubinta, alhali bai faɗi ko daga faifan kamfani ya ɗauko ta ko daga rerawar gidan rediyo ko ta dandalin biki ba, ya bayyana zubin rerawa guda ne kawai cikin masu yawa.

4.0 Masu Yanke wa Faifai Hukunci

Ana iya kasa masu sharhi kan faifan waƙa gida uku, kowane da ma'auninsa.

4.1 Manazarta

Hanyar da Gusau ya tsara a Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993) ta tanadi wuri domin salsalar waƙa da kayan kiɗa da rauji, ba jigo da salo kaɗai ba. Amma a aikace ɗalibai sun fi karkata ga abin da ake iya nunawa a shafi, wato turke da tubalansa da adon harshe. Illar wannan ta fi bayyana idan aka tuna cewa daidaitacciyar hanyar rubutun Hausa ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar da aka rubuta "gari" tana iya nufin mazaunin jama'a ko niƙaƙƙen hatsi, "fari" kuma launi ko rashin ruwan sama. Kunne yana rarrabewa nan take, ido kuwa sai ya nemi taimakon jimla.

Ayyukan da suka koma ga murya sun nuna irin ribar da ke ciki. Richards (1972) ya auna dangantakar karin harshe da karin rerawa a wata waƙar Hausa, Ɗalhatu Muhammad (1980) ya fito da amsa-amon kari, Russell Schuh kuwa ya shafe shekaru yana kwatanta ma'aunin baiti da yadda ake rera shi, aikin da ya kai ga maƙalar Hayes da Schuh ta 2019. Babu ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi da takarda zalla za ta iya amsawa duka. Wata illar kuma ita ce gyaran da mai juyewa yake yi ba da saninsa ba. Idan mawaƙin Maiduguri ya ce "yarinya ya tafi", hannun ɗalibi yakan rubuta "ta tafi", domin yana ganin kuskure ne. Da wannan gyara shaidar karin harshen ta ɓace, kuma wanda ya karanta kundin bayan shekaru zai zaci Hausar Kano ake yi a bakin kogin Ngadda.

Akwai kuma batun fifiko. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo sun sami karɓuwa a jami'a tun da wuri, Shata ma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Waƙoƙin fiyano kuwa an daɗe ana yi musu kallon hatsin bara, ana cewa kwaikwayon Indiya ne, sai da ayyukan Abdalla Uba Adamu da wasunsa suka nuna cewa fage ne da ya cancanci nazari.

4.2 Malamai da Hukuma

Ma'auni na biyu shi ne na tarbiyya. Muhawara kan halaccin kiɗa tsohuwa ce a ƙasar Hausa da Barno, amma kaset ya ba ta sabon salo, domin ya shigar da waƙa har cikin ɗakin matan kulle ba tare da makaɗi ya taka ƙofar gida ba. Misalin da ya fi jan hankali shi ne na mawaƙan bandiri a Kano, waɗanda Larkin ya yi nazarinsu: sukan ɗauki karin waƙar fim ɗin Indiya su ɗora masa begen Annabi. Masu goyon baya suna duban kalmomin, masu suka suna duban karin da abin da yake tunasar da mai sauraro. Wannan saɓani da kansa hujja ce cewa ma'anar faifai ba ta ƙare a kalmomi ba.

Da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, sharhi ya sami haƙoran doka. A 2007 an ɗaure Adam A. Zango a kan kundin waƙoƙinsa na bidiyo mai suna Bahaushiya, a 2009 kuma an kama Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa. Ikon hukumar bai wuce iyakar Kano ba, amma da yake Kano ce tushen kayan, abin da aka yanke a can yakan shafi abin da ya isa kasuwannin nesa irin na Maiduguri.

4.3 Masu Sauraro

Ma'auni na uku shi ne wanda aka fi rainawa, alhali shi ne yake raya waƙa ko ya kashe ta. Shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, da makamantansa a gidajen rediyon jihohi kamar BRTV, sun kasance dandalin da jama'a suke bayyana zaɓinsu a rubuce. Mujallar Tauraruwa (1998) da mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, sun buɗe shafukan wasiƙu inda masu karatu suke yabo da suka. Direban motar haya da yake sauya kaset idan fasinjoji sun yi gunaguni, da uwar biki da take zaɓen abin da za a sa ranar wushe-wushe, su ma masu tarke ne a aikace. A Maiduguri wannan ma'auni yana da wani amfani na daban ga masanin harshe: waƙar da ta karɓu ga wanda Hausarsa ta kasuwa ce tana nuna irin kalmomi da jimlolin da suka zama mallakar kowa, wadda kuma ta tsaya a Hausari tana nuna iyakar da karin harshe ya gindaya.

5.0 Zane Mai Magana da Zane Mai Motsi

Matsalar da ta sami faifai ita ce ta sami labarin zane, sai dai tasa ta fi tsanani, domin idan aka cire hoton, abin da ya rage bai kai a kira shi matani ba. Matasan biranen Arewa sun san wannan nau'i tun daga mujallar African Film, wadda kamfanin Drum ya riƙa bugawa daga 1968 zuwa 1972, mai ɗauke da labarin Lance Spearman cikin jerin hotuna da zance a da'ira bisa kan mai magana. A 1976 Wale Adenuga ya fito da Ikebe Super a Legas. Waɗannan duk da Ingilishi ko Turancin buroka aka yi su. A ɓangaren jarida kuwa, zanen barkwanci na siyasa ya faro tun daga Akinola Lasekan na West African Pilot, ya zo har kan Mustapha Bulama na jaridar Daily Trust, wadda kamfaninta yake buga jaridar Hausa ta Aminiya.

A fagen zane mai motsi, wato katun, ƙasar Hausa tana da majagaba wanda ba a cika ambatonsa a sassan Hausa na jami'o'in Nijeriya ba, shi ne Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar (1942-2015), wanda ya yi zamansa a Tawa. Ya yi aiki da Jean Rouch, ya kuma ƙaro sani a Kanada wajen Norman McLaren. A Bon voyage Sim (1966) ya yi amfani da kwaɗi wajen yi wa ziyarce-ziyarcen shugabannin Afirka shaguɓe, a Kokoa kuwa ya sa dabbobi suna kokawa irin ta gargajiya. Wanda ya san tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin sanya dabba ta ɗauki halin mutum domin a faɗi abin da ba ya faɗuwa kai tsaye tsohuwar dabara ce ta adabin baka. A Nijeriya, Adamu Waziri ya fito da katun ɗin yara na Bino and Fino a 2010.

Mene ne ruwan masanin harshe da waɗannan? Na farko, da'irar zance ƙaramin fili ce kamar gefen faifan garmaho, tana tilasta wa mai zane ya zaɓi jimla mafi gajarta wadda take kama da maganar baka. Na biyu, a nan ne amsa-kama take samun rubutacciyar siffa. Kalmomi irin su tim da fau da garam da kwatsam, waɗanda marubucin zube yakan yi ƙwauronsu, su ne ƙashin bayan labarin zane, kuma yadda ake tsawaita wasalinsu ko a ƙara girman baƙaƙensu ƙoƙari ne na rubuta abin da ƙa'idar rubutu ta bari. Na uku, idan aka ɗora muryar Hausa a kan hoton da aka yi da wani harshe, kamar yadda masu fassarar finafinan Indiya irin su Algaita suka shahara da yi cikin shekarun 2010, tilas jimla ta yi daidai da motsin leɓe, kuma wannan yana haifar da taƙaitawa da sababbin maganganu waɗanda yara suke ɗauka su kai titi.

A Maiduguri batun ya wuce nishaɗi. Bayan rikicin da ya ɓarke a 2009 ya koro ɗimbin jama'a daga ƙauyuka zuwa birnin, ƙungiyoyin agaji sun riƙa isar da saƙonnin lafiya da tsaro galibi da Hausa da Ingilishi. Binciken da ƙungiyar Translators without Borders ta yi a sansanonin 'yan gudun hijira a 2017 ya nuna cewa da yawa daga cikinsu Hausa ba harshensu na farko ba ne, kuma rubutu zalla bai isa ga mafi yawansu ba, musamman mata, saƙon murya ya fi shi isa. Gidan rediyon Dandal Kura, mai watsa shirye-shirye da Kanuri da Hausa, ya ginu ne a kan irin wannan fahimta. A irin wannan hali, sanin yadda murya da hoto suke taimakon kalma ilimi ne da rai yake iya rataya a kansa.

6.0 Abin da Ke Cikin Haɗari

Kaset ba ya daɗewa. Zafi yana lalata zarensa, damshi yana sa masa fumfuna, rikodar da za ta karanta shi kuma tana ƙara wuyar samu. Mujallar zane da aka buga a takarda mai araha takan ƙare a hannun mai ƙosai. Waƙar memori ta fi su rauni, domin sau da yawa ba ta ɗauke da sunan mawaƙi na gaskiya ko shekarar da aka yi ta, kuma tana gogewa da danna maɓalli guda.

Jami'ar Maiduguri tana da abin koyi a wannan fage. A ƙarshen shekarun 1980 an kafa shirin taskace kiɗan Barno, wanda aka sani da Borno Music Documentation Project, tare da masanin kiɗa Bajamushe Raimund Vogels, daga baya kuma aka mayar da abin da aka ɗauka kan kwamfuta da haɗin gwiwar Jami'ar Hildesheim. Shirin ya fi mai da hankali ga kiɗan gargajiya na al'ummun yankin. Kayan kasuwa kuwa, wato kaset ɗin da aka juye da hannu da waƙar situdiyon unguwa da takardun zane, mafi yawansu suna hannun 'yan kasuwa da ɗaiɗaikun masu sha'awa. Gobarar da ta cinye babbar kasuwar Monde a ranar 26 ga Fabrairu 2023, da ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a ranar 10 ga Satumba 2024, wadda ta mamaye unguwanni irin su Gwange, sun isa gargaɗi kan abin da yake iya samun duk wata ajiya da ba ta da kwafi a wani wuri.

7.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa faifan waƙa da labarin zane da katun suna fama da ciwo iri guda a hannun nazari, wato raba kalma da abokin tafiyarta. An ga yadda na'ura take sassaƙa waƙa, da yadda ma'aunai uku suke yanke mata hukunci, da yadda Maiduguri, inda Hausa take harshen haɗuwa, take fito da abin da takarda take ɓoyewa. Daga nan ana iya ba da shawarwari uku. Na ɗaya, duk kundin da ya yi nazarin waƙa ya bayyana faifan da ya dogara a kansa, da irinsa, da inda aka same shi, a kuma ajiye kwafin muryar tare da kundin. Na biyu, a koya wa ɗalibai juye waƙa yadda aka furta ta, da alamun kari da tsawon wasali inda ya kamata, ba tare da gyara karin harshen mawaƙi ba. Na uku, sassan harsunan Nijeriya su shigar da labarin zane da katun cikin darussan adabin zamani, su kuma fara tattara kayan kasuwa tun masu riƙe da su suna raye. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Wanda zai rubuta tarihin Hausar Maiduguri nan gaba ba zai sami abin dogaro ba sai abin da aka adana masa a yau.